A Biya Malamar Ɗinki Kafin A Sayi Keke

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu hali na ƙasar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, game da sadakar keken ɗinki ga mata marasa galihu.

Ni ɗan tireda ne, ina sayo yadi a Kantin Kwari a Kano, ina cin kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Rabon keke ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun gani tun zamanin Better Life na Maryam Babangida da aka kafa a 1987, muka sake gani a shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994. To amma jama'a, kekuna nawa ne suka zauna a ɗakin waɗanda aka ba?

Ga abin da ya faru a gidanmu. Ƙanwata ta fita takaba da 'ya'ya huɗu, sai wani bawan Allah ya ba ta keke sabo fil a kwalinsa. Allah Ya saka masa. Sai dai ko zare ba ta iya sa wa allura ba, balle yanka yadi. Keke ya yi wata biyu a bayan ƙyaure an lulluɓe shi da zane. Da bazara ta yi tsanani, gero ya ƙare, ta sayar da shi rabin kuɗinsa. Wallahi ban ga laifinta ba, yaro ba ya cin ƙarfe.

Wannan ya sa mu 'yan layinmu shida muka yi wata dabara. Kowace ranar kasuwa kowa ya ajiye abin da ya sauwaƙa, kamar adashi. Muka fara biyan wata tela mace a unguwarmu kuɗin koyarwa na wata shida, domin mazan garinmu ba kowa zai bar matarsa ko 'yarsa ta zauna shagon namiji ba. Muka ɗauki ƙanwata da wasu zawarawa biyu. Kowane mako muna auna musu gero, saboda mai koyo ba ta da lokacin surfe ko aikatau da take ci da su. Ni kuma ragowar ƙyallayen shagona nake kai musu su lalata son ransu, a nan hannu yake faɗawa.

Sai da malamar ta ce sun iya yanka riga da hijabi su kaɗai, sannan muka sayi keke. Shi ma na ƙafa, Butterfly, ba mai aiki da lantarki ba, kowa ya san halin wutarmu. Muka haɗa da almakashi, tef na awo, man keke da zare. Ɗaya daga cikinsu ta yi aure ta bar gari kafin a gama, ba mu ji haushi ba. Biyun kuwa mun yi lissafi suka gama kafin azumi, ɗinkin Sallah ya same su a shirye. Yanzu ƙanwata na ɗinka kayan 'yan Islamiyya, ita ke sayen littattafan 'ya'yanta.

Ina kira ga dillalan shanu na Maigatari da manoman riɗi na Gagarawa da Sule Tankarkar, idan kaka ta yi, a haɗa kai a ɗauki ko mace biyu a kowace unguwa. Mai son sa kuɗin zakka a ciki ya fara tambayar malamansa, ni ba malami ba ne. Mu dai bayan Babbar Sallah za mu ɗauki wasu uku, malamar ta riga ta amsa.

Naka mai karatu kullum,
Wani ɗan tireda, Gumel, Jihar Jigawa.