Ajiya a Ɗakin Iya

A unguwar da na tashi akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ita ce ungozoma, ita ce uwar adashe, kuma ɗakinta ne bankin matan layinmu tun kafin su san hanyar banki. Mace za ta yi ƙuli-ƙuli ko kitso ta tara 'yan kuɗinta, ta ƙulle a tsumma, ta kai mata bayan magariba. Wata 'yan kunnen zinare ne na gadon uwarta, wata kuma takardar fili ce da ba ta son dangin miji su ji labarinta. Iya ta ɗage zanin gado, ta jawo akwatin ƙarfe mai fentin furanni, ta jefa, ta mayar da kwaɗo, ta ɗaure makullin a haɓar zane. Ba rasit, ba shaida.

Abin da ke cikinta ma ya fi wanda ke cikin akwatin yawa. Wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwa ta ga abin da miji bai gani ba, ta ji abin da mace ke faɗa a kan gwiwa. Idan wata ta zo da bugun ciki, sai ta ce, "'Yar nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," ta ci gaba da tsinke zogalenta.

Iya ta faɗo mini a rai ne lokacin da wata ƙanwata ta fara ganin likitan ƙwaƙwalwa. Bayan haihuwarta ta biyu damuwa ta danne ta, ba barci, ba cin abinci, sai kuka ba dalili. Ban da ƙwayoyi, aka haɗa ta da mai jinya ta hanyar zantawa: su zauna kusan awa guda, ta amayar da abin da ke ranta, yana saurare, yana yi mata tambayoyi, yana rubutu. Ni duk bincikena a kan mutumin ne, yana da kamun kai ko kuwa, bakinsa na da linzami ko babu. Ita kuwa ran nan sai ta ce mini, "Yaya, shi na yarda da shi. Abin da yake shigarwa a kwamfutar nan fa, ina yake kwana?"

Tambayarta ta fi tawa nauyi. Irin wannan jinya ba ta yiwuwa sai mutum ya kwance ƙullinsa gaba ɗaya: abin da aka yi masa yana yaro, zaman aure da ya yi tsami, tunanin da yake jin kunyar faɗa wa mahaifiyarsa. Ajiya ce yake kaiwa. Mai kai ajiya kuwa ba halin mai karɓa kawai yake dubawa ba. Yana duba ko ɗakin na da ƙyaure, wa ke shiga, wa ke shara, makulli nawa aka yanka.

Mutanen Finlan sun ɗanɗana wannan a 2020. Akwai wani kamfani mai suna Vastaamo da ke da cibiyoyin jinyar zantawa a garuruwa da dama na ƙasar. Duk abin da masu jinya suka rubuta game da marasa lafiya yana tare a rumbu ɗaya na kwamfuta, da sunaye da adireshi da lambar ɗan ƙasa, kuma ba a sakaya rubutun yadda ɓarawo zai kasa karantawa ba. Ɗan kutse ya shiga ya kwashe na mutum kusan 33,000. A 2020 ya nemi kamfanin ya biya shi Bitcoin 40, kimanin Yuro 450,000 a lokacin, a watan Oktoba kuma ya fara watsa bayanan mutum ɗari kowace rana a intanet. Da kamfanin bai biya ba, sai ya juya kan marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya: Yuro 200 cikin awa 24, in an wuce haka Yuro 500, ko ya tona. Mutum ya kai kansa neman sauƙi, ya faɗi abin da ko matarsa bai faɗa wa ba, sai ga saƙo daga wanda bai taɓa gani ba, yana riƙe da maganar tamkar wuƙa a maƙogwaro. An kama ɗan kutsen, Aleksanteri Kivimäki, a Faransa a 2023, kotu ta ɗaure shi shekara shida da wata uku a 2024. Kamfanin kuwa tun 2021 ya durƙushe.

Masu jinyar da suka yi rubutun nan ba su ci amanar kowa ba. Akwatin da aka ba su ne ba shi da kwaɗon kirki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kutsen ya faru tun 2018 da 2019, kuma sai da asiri ya tonu aka sallami shugaban kamfanin bisa zargin ya san da na 2019 ya yi shiru.

Iya ma an taɓa yi mata sata. Da damina ne, an tashe ta tsakar dare zuwa gidan mai naƙuda, ɓarawo ya haura katanga ya ɗauke akwatin. Rana ba ta fito ba sai da ta bi gida-gida, ƙafarta duk taɓo, tana sallama tana cewa, "Ajiyarki ta tafi, ki sani tun yanzu." Mai takardar fili ta garzaya wurin mai unguwa tun kafin wani ya je da ita. Iya ta sayar da awakinta ta rage wa mutane asara. Dokar kare bayanai da Najeriya ta yi a 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a makamancin wannan nauyi: idan aka yi kutsen da ke iya cutar da mutane, a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72, kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman. Sai dai kuɗi ana biya da awaki. Magana zarar bunu ce, kuma a wurinmu, inda ake binciken dangi kafin a ba da aure, kalma ɗaya ta "ai tana zuwa asibitin ƙwaƙwalwa" na iya bin yarinya har ta shafi ƙannenta.

Akwai wata cin amanar da ba ta buƙatar ɓarawo. Kowa ya san mai karɓar ajiya da ke juya kuɗin mutane a kasuwa, ya ci riba, ya mayar kafin mai shi ya zo. A Amurka, hukumar kare masu sayayya ta FTC ta tuhumi manhajar BetterHelp, wadda ke haɗa mutane da masu jinya ta waya, da miƙa adireshin imel da bayanan lafiya da mutane suka cike ga Facebook da Snapchat da wasu, don talla, bayan ta yi alkawarin rufe su. A 2023 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 7.8. Hukumar ba ta ce an miƙa hirar da aka yi da likita ba, amma sanin cewa wane yana neman jinya shi kansa asiri ne. Wanda ya gan ki kina shiga ɗakin Iya da ƙulli a hannu ya riga ya san rabin zancen.

A nan gida, ɓarakar da na fi gani ba ta masu kutse ba ce. Miji ne ya kawo matarsa, shi ya biya kuɗin kati, an fito ya tare likita: "To, me ta ce?" Ko uba, ko yaya irina. Mukan ɗauka wanda ya biya shi ke da haƙƙin ji. Ba a taɓa jin wanda ya rako mace ɗakin Iya ya koma ya ce a buɗe masa ƙullinta ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da amincewarsa a rubuce, ko buƙatar iyaye ko waliyyi idan yaro ne ko wanda ba ya iya ba da izini, ko umarnin kotu ko doka, ko kuwa idan rufewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙara tabbatar da wannan haƙƙi. Dangi na da babban matsayi a jinya, ban musa ba, amma mai kai ajiya ce ke da ta cewa kan abin da za a gaya musu.

Rufin asirin yana da iyaka, kuma likitan kirki kan faɗe ta tun zaman farko. Da wani ya kawo wa Iya wuƙa ya ce ta adana masa zuwa jibi da zai soke wane, ba za ta kira wannan amana ba. A Kalifoniya, wani ɗalibi ya gaya wa mai jinyarsa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff, kuma ya kashe ta a 1969 ba tare da an gargaɗe ta ko iyayenta ba. A 1976 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa a irin wannan hali wajibi ne mai jinya ya ɗauki matakin kare wanda ake hari.

Saura namu ɗakin. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya tsakanin waya da waya, amma idan ya sauka fa? Wayar nan ita ce a hannun yara suna kallon katun, ita ce ke yini a shagon mai caji, ita ake bar wa mai gyara tare da lambar buɗewa. Ƙanwata da mijinta waya ɗaya suke amfani da ita wajen karɓar kuɗin ɗinkinta, kuma ta nan asibiti ke turo tunin ranar zuwa, da sunan sashen ɓaro-ɓaro.

Zuwanta na gaba ta tafi da tambayoyinta a bayan katin asibiti. Wa ke iya buɗe fayil ɗina ban da kai? Idan mijina ya tambaye ka, me za ka ce masa? Zan iya ganin abin da ka rubuta? Ta ce likitan ya ajiye biro, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ta karanta layi-layi, ta nuna masa inda ya rubuta kishiya alhali uwar miji ta ce, ya gyara a gabanta. Kafin ta fito ta ba su wata lamba dabam, ta ce a riƙa rubuta rana da lokaci kawai.