Concorde: Jirgin Fasinjan da Ya Fi Sauti Gudu

Concorde jirgin saman fasinja ne da Birtaniya da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera, bisa yarjejeniyar da suka ƙulla ranar 29 ga Nuwamba, 1962. Ya yi tashin gwaji na farko a birnin Toulouse ranar 2 ga Maris, 1969, ya kuma fara jigila ranar 21 ga Janairu, 1976, inda British Airways ya tashi daga Landan zuwa Bahrain, Air France kuwa daga Paris zuwa Rio de Janeiro, ya yada zango a Dakar.

Injina huɗu ƙirar Olympus 593 ke tura shi, yana gudun kusan kilomita 2,180 a awa, wato ninki biyu na gudun sauti, a nisan mita 18,000 daga ƙasa. Tafiyar Landan zuwa New York kan ɗauke shi awa uku da rabi, kusan rabin lokacin sauran jirage. Dogon hancinsa kan sunkuya wajen tashi da sauka domin matuƙa su hango titin jirgi.

Sai dai bai samu kasuwa ba. Ƙarar da yake yi idan ya zarce gudun sauti, mai kama da tsawa, ta sa ƙasashe da dama suka hana shi wannan gudu a sararinsu. Ga shan mai, ga tsadar man da ta biyo bayan rikicin mai na 1973, ga kujeru 100 kacal. Kamfanonin da suka yi alkawarin saye suka janye. Guda 20 kawai aka ƙera, 14 daga ciki suka yi jigila.

Ranar 25 ga Yuli, 2000, wani Concorde na Air France ya taka guntun ƙarfe yana shirin tashi daga Paris. Taya ta fashe, tankin mai ya huje, jirgin ya kama da wuta ya faɗi a Gonesse, mutum 113 suka rasu. An koma aiki a Nuwamba 2001 bayan gyare-gyare, amma fasinjoji sun ragu, kuɗin kulawa ya ƙaru. A 2003 kamfanonin biyu suka jingine shi.

Guda 18 suka rage, galibinsu a gidajen adana kayan tarihi. Wanda ya yi tashin ƙarshe, ranar 26 ga Nuwamba, 2003, yana Filton kusa da Bristol. Na Sinsheim a Jamus yana gefen kishiyarsa ta Tarayyar Sobiyat, Tu-144. Waɗanda ke waje suna fama da danshi da tsatsa, shi ya sa a 2023 aka ɗauki na gidan tarihin Intrepid da ke New York ta ruwa zuwa Brooklyn, aka sake masa fenti, aka mayar da shi a 2024. Tun daga 2003, babu wani jirgin fasinja mai irin wannan gudu da ya sake yin jigila.