Farin Ciki da Ɗaukar Wajibi a Addinin Yahudawa

Jama'a, galibinmu idan aka ambaci wajibi, sai mu tuna da kaya mai nauyi wanda ake ɗokin saukewa. Malaman Yahudawa kuwa ta wata fuska suka dubi al'amarin. A lissafinsu Attaura tana ƙunshe da hukunci 613, watau umarni 248 da hani 365, kowanne ana kiransa mizwa. Duk da wannan yawa, sun koyar da cewa wanda ya cika umarni fuska a murtuke ya tauye aikinsa. Shi ya sa ran da yaro ya cika shekara 13, hukunce-hukunce suka hau kansa, biki ake yi masa.

Mutumin Unguwar Sarki ko Tudun Wada da ya taɓa halartar walimar saukar Alƙur'ani ba zai sha wuyar gane bikinsu na Simhat Tora ba. Ran da suka kammala karatun Attaura na shekara, sukan rungumi naɗaɗɗun littattafan suna rawa, kana su koma farkon littafin su sake somawa.

Amma wane irin farin ciki ake nufi? A ganina babu wanda ya warware wannan kamar Musa ɗan Maimuna, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya yi likitanci a fadar Masar, ya rasu a 1204. A cikin littafinsa Mishne Tora ya lissafa murna da aikin umarni cikin manyan ibada, har ya zargi mai girman kan da yake ganin ya fi ƙarfin yin murna a bainar jama'a. Sai dai ya gindaya sharaɗi mai tsanani: wanda ya kulle ƙofarsa ranar idi, ya ci ya sha da iyalinsa, ya bar maraya da gwauruwa da baƙo da yunwa, to, tumbinsa ya yi wa biki, ba umarnin Ubangiji ba. Mu da muka san rabon naman layya, wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu.

Ba a rasa gardama ba kuwa. A ƙasar Yukiren, Ba'al Shem Tob, wanda ya rasu a 1760, ya kafa tafarkin Hasidawa, masu bauta da waƙa da rawa. Malaman birnin Bilna na Lituwaniya suka ga abin ya wuce gona da iri, suna tsoron shauƙi zai danne karatu, har suka yanke hukuncin ƙaurace musu a 1772.