Nuni da Yatsa a Kunna Fitila: Yadda Tabarau Mai Kwamfuta Ke Sarrafa Kayan Gida

Gabatarwa

Tun kafin yaro ya iya furta kalmar "ruwa" yakan miƙa hannu ya nuna randa. Uwa ta dubi idonsa, ta dubi inda yatsansa ya dosa, sai ta gane abin da yake so ba tare da ya ce uffan ba. Wannan abu da uwa ke yi cikin ƙiftawar ido, masana kimiyyar kwamfuta sun shafe fiye da shekara 40 suna ƙoƙarin koya wa na'ura shi. A yau an kai matsayin da mutum zai sanya wani irin tabarau a fuska, ya dubi fankar ɗakinsa, ya haɗa babban yatsa da manuni, fanka ta kama juyawa. Ganin hannun mutum ba shi da wuya ga na'ura. Abin da ke ba ta wahala shi ne gane nufin mai hannun, kuma a nan ne yawancin aikin yake.

Asalin Abin

Wannan fasaha ta samu ne daga haɗuwar bincike iri biyu. Na farko shi ne na kayan gida masu karɓar umurni daga nesa. A shekarar 1975 wani kamfani a ƙasar Sikotland mai suna Pico Electronics ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ke aika saƙon kunnawa da kashewa ta cikin wayoyin lantarkin gida. Da intanet ta yaɗu, sai aka fara sanya wa ƙwan lantarki, da fanka, da makullin ƙofa, da na'urar sanyaya ɗaki wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai magana ta iska, watau ta Wi-Fi ko Bluetooth da makamantansu.

Na biyu shi ne na tabarau. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka ƙera wata na'ura a Jami'ar Harvard ta Amurka, wadda ke nuna wa mai sanye da ita zanen kwamfuta a kan abin da yake gani a ɗaki. Sai da aka rataye ta daga rufin ɗaki kafin a iya aiki da ita. A farkon shekarun 1990 Tom Caudell da David Mizell na kamfanin jiragen sama na Boeing suka gwada irin wannan dabara don nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi. Manufar dai ita ce a bar mutum yana ganin duniyarsa ta zahiri, a ɗora masa ƙarin bayani a kanta. Shi ya sa za mu kira na'urar "tabarau na ƙarin gani". Kamfanin Microsoft ya fito da HoloLens a 2016, Meta ya fito da Quest 3 a 2023, Apple kuma ya fito da Vision Pro a watan Fabrairu na 2024.

Batun nuni kuwa, tun a 1980 Richard Bolt na cibiyar fasaha ta MIT ya nuna wani tsari da mutum ke zama gaban babban allo, ya nuna abu da hannu ya ce a ɗauke wannan a sa can, kwamfuta kuma ta aikata. Kalmomin "wannan" da "can" ba su da ma'ana sai an haɗa su da inda hannu ya nuna.

Tambaya ta Farko: Ina Nake?

Kafin tabarau ya sarrafa kome, dole ya san inda yake a cikin ɗaki. Yana ɗauke da kyamarori da yawa (Vision Pro yana da 12), da wasu ƙananan na'urori masu jin motsi da juyawar kai. Kyamarorin sukan kama wuraren da ke da sauƙin ganewa, kamar kusurwar tebur ko bakin taga, su lura da yadda suke gusawa a cikin hoto yayin da mutum ke motsi. Daga nan kwamfuta ke zana taswirar ɗakin, a lokaci guda kuma tana lissafin matsayinta a cikin taswirar.

Taswira kaɗai ba ta isa ba, domin tabarau bai san cewa abin da ke rataye a sama shi ne ƙwan da ke amsa umurni ba. Saboda haka maigida yakan yi gabatarwa sau ɗaya: ya dubi ƙwan, ya sa masa alama, ya haɗa alamar da sunan ƙwan a cikin tsarin gidan. Daga ranar, duk lokacin da ya dubi wurin, sai ya ga makunni na hoto yana shawagi kusa da ƙwan.

Tambaya ta Biyu: Me Kake Nunawa?

Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27, amma kwamfuta ba ta bukatar ganinsu duka. Wani tsari da Google ya fitar a 2019, mai suna MediaPipe, yana wakiltar hannu da ɗigo 21: huɗu a kan kowane yatsa, ɗaya a wuyan hannu. An koya wa kwamfuta gano waɗannan ɗigogi ta hanyar nuna mata dubban hotunan hannuwa. Idan tazarar da ke tsakanin kan babban yatsa da kan manuni ta rufe, ta san an haɗa yatsu ke nan.

Sai dai nuni da hannu yana da kuskure, kuma ɗalibin lissafi zai iya auna shi da kansa. Idan fanka tana nesa da mita 4, hannu kuma ya karkace da digiri 5, layin nuni zai kauce da kusan santimita 35. Wannan ya isa a kunna fitilar da ke kusa da fanka maimakon fankar. Karkacewar digiri 1 kuwa santimita 7 kawai take jawowa. Don haka sababbin tabarau suka koma ga ido. A cikinsu akwai ƙananan fitilu masu fitar da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, da kyamarori masu lura da ƙwayar ido da yadda hasken ke ƙyalli a kanta. Ido ne ke zaɓen abu, hannu kuma ya tabbatar.

Tambaya ta Uku: Da Gaske Kake?

Wannan ita ce mafi wuya. Mutum yakan dubi abubuwa da yawa ba don yana son su ba, kuma hannunsa ba ya daina motsi: yana sosa kai, yana korar ƙuda, yana bayani ga baƙo. A 1990 wani masani mai suna Robert Jacob ya kira wannan matsala da sunan Sarki Midas na tatsuniyar Girkawa, wanda duk abin da ya taɓa sai ya zama zinariya, har abincinsa. Gidan da ke ɗaukar kowane kallo a matsayin umurni ba zai zaunu ba. Maganin da aka samu shi ne a bukaci alamu biyu a lokaci guda, watau kallo da haɗa yatsu, sannan a ƙara neman tabbaci kafin aiki mai haɗari, kamar buɗe ƙofar gida ko kunna murhun lantarki.

Har ila yau, ma'anar ishara ta dogara ga al'ada. Injiniya a Turai yana iya zaɓar buɗe tafin hannu da ware yatsu biyar a matsayin "tsaya", alhali a ƙasar Hausa wannan daƙuwa ce, kuma yaron da ya yi ta wajen da babba ke zaune sai ya yi bayani. Haka nan Bahaushe yakan yi nuni da leɓe ko da haɓa, abin da na'urar da aka horar da ita a kan hannu kaɗai ba za ta lura da shi ba.

Da zarar an tabbatar da nufi, sai tabarau ya aika saƙo ga ƙwan ta hanyar sadarwar gidan. A da kayan kowane kamfani suna da nasu yaren. A watan Oktoba na 2022 aka fitar da wata ƙa'ida mai suna Matter, wadda Apple da Google da Amazon da Samsung suka goya wa baya, don kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna.

Amfani da Matsaloli

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan fasaha shi ne mutumin da tashi ke yi wa wuya, kamar tsoho, ko majinyaci, ko mai shanyewar ƙafa, musamman idan magana ma tana ba shi wahala. Gare shi, kashe fitila ba tare da kiran kowa ba babban 'yanci ne.

Amma matsalolin ba ƙanana ba ne. An fara sayar da Vision Pro a kan dala 3,499, a lokacin nauyinsa ya kai giram 600, batirinsa kuma wajen awa biyu yake yi. Ɗaga hannu na tsawon lokaci yana gajiyar da kafaɗa. Ƙwan da ke jiran umurni yana bukatar wuta a kodayaushe. Idan wani ya kashe makunnin bango, ya kurumce ke nan. Kamfanoni ma sukan janye: Google ya daina sayar wa jama'a tabaransa na Glass a 2015, Microsoft kuma ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024.

Mafi girma ita ce matsalar sirri. Na'urar da ta zana taswirar ɗakin kwana, ta kuma san abin da mutum ke kallo, ta san abin da ko maƙwabci bai sani ba. Idan kuma ita ke riƙe da makullin ƙofa, wanda ya kutsa cikinta ya shiga gida. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da wasu na'urorin gida, saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da aka sayo su da ita ba, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka.

Kammalawa

Malami zai iya nuna wa ɗalibai tushen matsalar a cikin aji ba tare da wata na'ura ba. A zana alamu biyu a kan allo, tazarar santimita 30 tsakaninsu. Ɗalibi ɗaya ya tsaya nesa da mita 4 ya nuna ɗaya da yatsa, sauran su faɗi wadda suke jin ya nuna, a ƙirga waɗanda suka dace. Sannan shi mai nunin ya rufe idon hagu, ya buɗe, ya rufe na dama, ya ga yadda yatsansa ke tsalle daga wuri zuwa wuri alhali bai motsa shi ba. A maimaita gwajin daga nisan mita 2 da mita 6, a rubuta sakamakon, a kwatanta shi da lissafin kusurwa da aka yi a sama.