FASHIN BAƘI: Hasumiyoyin rediyo masu nuna wa jirage hanya, da abin da ya sa duniya ke komawa gare su

Duk wanda ya buɗe taswira a wayarsa a garin Zuru ya ga ɗigon da ke nuna inda yake tsaye, to saƙo ne ya sauko masa daga taurarin ɗan Adam na GPS, masu shawagi a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Da irin wannan saƙo ake auna gonaki, da shi jami'an tsaro ke tantance wuri a dazukan Danko/Wasagu da Sakaba, da shi kuma jirgin alhazai ke kama hanyar Saudiyya daga Birnin Kebbi.

Sai dai taurarin mallakar Amurka ne, sojojinta ke tafiyar da su. Saƙonsu kuma yakan iso ƙasa a raunane, har 'yar ƙaramar na'ura na iya danne shi, ko ta aika na bogi a madadinsa. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka waiwayi tsohuwar dabarar da aka jingine, wato dogayen hasumiyoyin rediyo da ake kafawa a ƙasa.

Yadda dabarar ke aiki

A ƙaddara makaɗa biyu a bikin Uhola, ɗaya a gabashin gari ɗaya a yamma, suna buga ganga a lokaci guda. Wanda ke tsakiya zai ji su tare. Wanda ya fi kusa da gabas zai riga jin ta gabas, kuma tazarar da ke tsakanin amon biyu za ta gaya masa yawan kusancinsa. Idan aka ƙara makaɗi na uku a arewa, zai iya gane ainihin inda yake ko da ido a rufe.

Haka tsarin LORAN yake, wanda Amurka ta ƙirƙiro a Yaƙin Duniya na Biyu. Tashoshi na aika sigina a lokacin da aka tsara, na'urar jirgi kuma ta auna bambancin isowarsu. Siginar rediyo na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300. Irin wannan sigina takan bi lanƙwasar doron ƙasa ta wuce kilomita dubu, kuma tana fita da ƙarfin da toshe ta ba ƙaramin aiki ba ne.

Rabon Afirka ta Yamma

Tsarin Omega shi ne na farko da ya game duniya, da tashoshi takwas kacal: a Norway, Laberiya, Hawai, Dakota ta Arewa, tsibirin Reunion, Ajantina, Ostireliya da Japan. Hasumiyar Laberiya, da ke Paynesville kusa da Monrovia, tsayinta mita 417. Siginarta na ratsa sararin samaniyar ƙasar Zuru, duk da tazarar fiye da kilomita 1,500 da ke tsakani. Omega kan yi kuskuren 'yan kilomitoci, amma ga matuƙin da ke keta Sahara cikin dare, wannan ma babban gata ne. An rufe tsarin ranar 30 ga Satumba, 1997, bayan GPS ta kankama, aka kuma rushe hasumiyar a 2011.

Najeriya ma ta taɓa gwadawa. An tsara kafa rukunai huɗu na tashoshin tsarin Decca na Birtaniya a kudancin ƙasar. Biyu aka gina, kuma ba a taɓa buɗe su don amfanin jama'a ba.

Abin da ƙasar ke da shi a yau shi ne na'urorin VOR da DME da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NAMA, ke lura da su a filaye irin su Kano da Sakkwato. Suna da amfani, amma ba su wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba, kuma jirgin da ke sama kaɗai ke kama su. Ba su da wani taimako ga sojan da ke cikin daji. Tauraron NigComSat-1R da aka harba a Disamban 2011 na ɗauke da na'urar ƙara wa GPS daidaito, amma idan GPS ta ɗauke, babu abin da zai daidaita.

Dalilin komawa

Amurka ta kashe tashoshinta na Loran-C a 2010, a kan cewa ba a buƙatarsu. Tun daga nan toshe GPS ya zama makamin yaƙi. A Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu ta ƙasar Estoniya saboda katsalandan ga siginar, bai koma ba sai da filin ya tanadi hanyar sauka mai dogaro da na'urorin ƙasa. Koriya ta Kudu, wadda ke fama da toshiya daga maƙwabciyarta ta Arewa, ta koma ga sabon samfurin da ake kira eLoran. China na faɗaɗa nata, Birtaniya ta ware kuɗin gina nata, Rasha kuma tana riƙe da tsarinta mai suna Chayka.

Ba batun jirage ba ne kawai. Turakun wayar salula, bankuna da layukan lantarki a faɗin duniya na saita agogonsu da GPS, kuma eLoran na iya ba su wannan lokaci idan taurarin suka yi shiru.

Kafa irin waɗannan tashoshi na buƙatar kuɗi, wutar da ba ta ɗaukewa da kuma tsaro, kuma tunda siginarsu ba ta san iyaka ba, aiki ne da ya fi dacewa Najeriya ta yi tare da maƙwabtanta. Kafin a kai can, akwai tambayoyin da matasan masarautar Zuru ke da haƙƙin yi wa wakilansu a Majalisar Tarayya: nawa ne cikin na'urorin NAMA ke aiki a halin yanzu, nawa ake ware musu a kasafi, kuma mene ne tanadin ƙasa idan GPS ta ɗauke na kwana guda? Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.