Yamaha XT500: Babur ɗin da ya fara cin gasar Dakar

A 1976 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da XT500 kasuwa. Injinsa mai silinda ɗaya ne, cc 499, iska ce ke sanyaya shi, giyarsa biyar. Ƙarfinsa bai wuce na doki 30 da ɗoriya ba, nauyinsa kuma wajen kilo 140. Tayar gaba inci 21 ce, shi ya sa yake haye rami da dutse ba gargada. Baƙin mai kuwa a cikin bututun ƙarfen jikin babur ɗin ake zuba shi, don injin ya ɗaga daga ƙasa.

Wahalarsa tana wajen tayarwa. Ba shi da sitata, sai kik. Akwai ɗan hannu da ake matsawa a sassauta matsin injin, da 'yar tagar gilashi da ake leƙawa a ga fistan ya zo daidai. Wanda ya yi gaggawa, kik ɗin zai dawo ya doke shi a ƙafa.

Da shi Bafaranshe Cyril Neveu ya lashe gasar Paris zuwa Dakar ta 1979, wadda ta ratsa Agadas da Yamai, ya kuma sake lashewa a 1980. Birkinsa dai ba abin yabo ba ne, amma inji ne mai jure wahala da sauƙin gyara.