Hayaƙin Babbar Mota: Abin da Mai Kaya da Dillali Ya Kamata Su Sani Kafin Lodi

 

Wannan karo mun ɗan ajiye maganar farashi, za mu taɓa maganar salansar mota. Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwa da salansa? To, a tambayi wanda ya loda tumatir daga Kano zai kai Mile 12 a Ikko, mota ta kwanta masa kwana biyu a bakin hanya. Shi ya yi hasarar uwar kuɗi, dillalin da ya samo motar kuma ya ci la'ada ya zubar da mutunci. Alhali tun a tasha motar ta faɗi ciwonta, ba a duba ba ne kawai.

Hayaƙi iri uku ne, kowanne da labarinsa.

Na fari, baƙin hayaƙi. Wannan man gas ne bai ƙone sarai ba, watau mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Galibi iyakilina ce ta toshe, balle lokacin hunturu da ƙura ke cika ta. In ba ita ba ce, a duba nozul, ko famfon mai, ko tobo, ko kuwa lodi ne ya fi ƙarfin motar. Baƙin nan da kuke gani kuɗin mai ne ke tashi sama, kuma daga ƙarshe a kan kuɗin buhu zai dawo.

Na biyu, farin hayaƙi. In da sanyin safiya ne ya fito kaɗan, inji ya yi zafi ya ɗauke, babu komai. Amma in ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to ruwa na shiga inda wuta take, mai yiwuwa gaskit ya ƙone. Wannan mota ba ta doguwar tafiya ba ce, ko direba ya rantse.

Na uku, shuɗin hayaƙi. Baƙin mai ne inji ke sha, ko ringin fistin ya cinye, ko tobo na yoyo. Alamarsa, za ku ga yaron mota kullum da galan yana ƙari.

Wannan duka tun zamanin Marsandi 911 muka san shi. Amma motocin da ake sayowa na hannu daga Turai yanzu sun zo da wani sabon al'amari. Dokar can ta matsa a kan hayaƙi, tun daga matakin da suke kira Euro 4 wajen 2005 har zuwa Euro 6 a 2014, saboda haka aka ƙara wa motoci kaya uku.

Akwai bawul mai mayar da wani kashi na hayaƙi cikin inji, bakanikai na ce masa EGR. In kunkunniya ta daskare a jikinsa sai ya maƙale, mota ta rasa ƙarfi.

Akwai rariya a cikin salansa mai tare tokar hayaƙi, ita ce DPF. Ita da kanta take ƙone abin da ta tara, amma sai salansa ta yi zafi ƙwarai, wajen digiri 600. Motar da ke wuni a kunne a layin lodi ba ta samun wannan zafi. In fitilarta ta kama a gaban direba, a hau titi a yi tafiya mai ɗan nisa ba tsayawa, ko a kai wa mai na'ura. Kada a bar ta tana wannan ƙuna kusa da buhunan auduga ko ciyawa.

Sa'an nan akwai ƙaramin tanki mai shuɗin murfi, na ruwan AdBlue. Ruwan nan yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. In ya ƙare, motar da kanta za ta rage ƙarfi, ta riƙa jan jiki. A nan muna jan kunne: kada wani ya ce zai jiƙa takin yuriya na gona da ruwan rijiya ya zuba. Sunan ne ɗaya, tsabtar ba ɗaya ba, famfo da bututu zai toshe. Kada kuma a bar jarkarsa a rana, zafi na lalata shi. In aka yi kuskure ya shiga tankin gas, kada a tayar da mota sai an juye.

Uwa uba shi ne mai. Motocin nan an ƙera su ne domin gas mai ƙarancin farar wuta, irin wanda Turai ta tsayar tun 2009. Gas ɗin bakin hanya da aka gauraya da kananzir ko ruwa, shi ke kashe nozul da rariya. Araha ba ta ado.

Mun san wasu kan cire kayan nan gaba ɗaya. In an yi haka ba a daidaita na'urar motar ba, fitila ba ta mutuwa, ƙarfi ba ya dawowa. Hayaƙin kuma 'yan dako da masu rumfa ke shaƙa, ga shi tun 2012 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji na huhu.

To ga shawararmu. Kafin ku ba da kafin alƙalami, ku sa a tayar da mota a gabanku, a taka totur, ku dubi bakin salansa. Ku leƙa gaban direba ko akwai fitilar da ta ƙi mutuwa. Ku tambayi yaushe aka sake iyakilina da filtar mai, da inda zai sha gas a hanya. In kayan gwari ne ko dabbobi, gara a ƙara kuɗi a ɗauki lafiyayyar mota.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kaya lafiya. Wassalam.